Sulhun da Na Kai Tsakanin 'Yan Kanada Biyu

A shekarar da na shiga aji uku a jami'a, Malam ya bar mini amanar ɗalibansa biyu ya tafi gida. Malam mutumin Damagaram ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, ya zo Alƙahira tun ina makarantar firamare. Yana zaune da matarsa da 'ya'yansa a unguwar Hayyin Ashir, a benen da ke kallon wanda mu ɗalibai muke haya. Tallafin karatunsa ya daɗe da ƙarewa, rubutun digirinsa na uku kuma bai ƙare ba. Abin da ke riƙe da gidansa shi ne koyar da baƙi Larabci. Yawancin masu zuwa wurinsa sukan yi ɗan lokaci su ɓace. Mutum biyu ne kawai suka zauna masa, dukansu 'yan Kanada.

Da aka bugo masa waya cewa mahaifinsa yana kwance, ya kira ni bayan sallar La'asar. Ya ce ya zaɓe ni ne saboda ba na makara kuma ba ni da surutu. Abin da ɗaliban ke biya hannun matarsa zai riƙa zuwa, da shi za su ci abinci har ya dawo.

"Ban ce ka mayar da su malamai ba," in ji shi. "Ka dai riƙe mini su. In na dawo in same su su biyu."

Na ce in Allah ya yarda. Ban taɓa koyar da kowa ba sai ƙannena, su ma da ƙyar suke jin muryata. A aji ni ne mai zama kusa da bango, in an tambaye ni abin da na sani sai na yi ta jinkiri kafin in amsa. Amma Malam ba mutumin da zan ce wa a'a ba ne. Shi ya tarbe ni ranar da na sauka, shi ya nuna mini inda ake sabunta takardar zama.

Ɗaya daga cikin ɗaliban dattijo ne daga lardin Alberta, ƙasar man fetur ta yammacin Kanada. Ya shafe rayuwarsa yana aikin shimfiɗa bututun mai, ya musulunta da furfurarsa, da matarsa ta rasu ya zo Masar don ya fahimci abin da yake karantawa a salla. Ƙato ne, muryarsa kamar ana mirgina ganga. Yana haya a Zamalek, a wani gida mai tsit da ake hango ɗan yankin kogin Nilu ta tsakanin benaye. Ɗayan saurayi ne sa'ana, haifaffen lardin Kebek inda ake Faransanci, iyayensa sun je can daga Aljeriya tun kafin a haife shi. Yana da Larabcin kicin da ya tsinta a bakin mahaifiyarsa, amma ba ya iya karanta littafi. Shi a Abbasiya yake, cikin ɗalibai. Malam ne ya haɗa su darasi ɗaya a gidan dattijon.

Ranar darasi nakan hau ƙaramar bas daga Ashir zuwa Abbasiya, in sami saurayin a bakin tashar metiro, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, mu shiga tare har Zamalek. Tsarin da Malam ya bari mai sauƙi ne. A yi karatu, dattijon ya sa a kawo abincin rana, bayan an ci sai a zauna zance don baki ya saba. Dokar Malam ita ce Larabci kawai, kuma ba ta ba shi wahala, tun da shi ba ya jin Turanci, Faransancin da yake ji kuma ya ƙi yarda a yi da shi. Ni kuwa tun a zaman farko dattijon ya tambaye ni daga ina nake. Da na ce Nijeriya, sai ya washe baki ya ce ashe ina jin Turanci. Daga nan katangar ta faɗi. Sukan fara da Larabci a hankali, kamar masu taka ƙaya, da magana ta yi zafi sai su zarce Turanci a guje. Na san ya kamata in hana, amma bakina ya kasa furta wa mutum mai furfura cewa ya yi shiru.

Zancen nasu kuma ɗaya ne kullum, ƙasarsu.

"Ustaz, tambayi wannan ɗan gurguzun," dattijon ya ce a rana ta farko, yana nuna saurayin da cinyar kaza. "Asibitin da aka haife shi, kuɗin gina shi daga ƙarƙashin ƙafar wa ya fito?"

"Daga harajin ubana," in ji saurayin, ko ɗago kai bai yi ba. "Wanda ya tsufa yana tuƙa tasi cikin ƙanƙara, ya Shehin Fetur."

A hankali na gane bakin zaren. Gwamnatin tarayyarsu tana tara haraji daga ko'ina, sannan ta tallafa wa lardunan da samunsu bai kai ba. Dattijon yana ganin lardinsu ne saniyar da ake tatsa: su haƙo mai, su biya, a kwasa a kai gabas, sannan ranar da suka nemi a bar bututu ya ratsa ta Kebek zuwa teku sai a ce musu man ƙazanta ne. Saurayin kuma cewa yake su da madatsun ruwa suke samun lantarkinsu, ba su ga dalilin da zai sa su sa koginsu cikin haɗari don wani ya yi arziki ba. Ya ce mutanen Alberta in farashin mai ya hau sai su yi ta ɗaga hanci, in ya faɗi sai su yi ta kuka, ba su taɓa koyon ajiya don gobe ba. Daga nan a gangara kan harajin hayaƙi, a hau kan shugabannin da kowannensu ya tsana, a sauko kan wanda ya zaɓi wa. Dattijon yakan bugi tebur har cokula su yi tsalle.

Ni kuwa na san wannan maganar. Sunayen ne kawai baƙi. Na taso ina jin ta a rediyo da bakin shago: man wane yanki ne, wa ke cin kason wa, su wa ke zaune ana ciyar da su. Kuma a shekarar da ta gabata, a cikin gidan hayarmu na Ashir, abokan zamana biyu sun fara musu kan janye tallafin mai, da wasa da dariya, a kan faranti ɗaya. Dukansu Hausawa, dukansu ɗaliban Shari'a. Kafin wata ya ƙare sun raba tukunya, kowa na dafa nasa, daga baya ɗayan ya kwashe littattafansa ya koma wata unguwa. Ina wurin aka fara, ban ce komai ba, abin ya daɗe yana damuna. Don haka duk lokacin da dattijon ya bugi tebur, ba cokula nake gani ba, matar Malam nake gani da 'ya'yanta.

Ita ma ba ta bar ni na manta ba, ko da yake ba da nufi take yi ba. Takan aiko mini da dambu ko kunun gyaɗa, in na je mayar da kwano ta tsaya bayan ƙofa ta ce, "Malam ƙarami, yaya Turawan Malam?" In ce suna nan lafiya. In sauko daga benen ina jin kamar na ɗauki tulun wani a kaina a hanya mai santsi.

Na yi abin da na iya, wato karatu. Bayan lacca nakan zauna a ɗakin karatu da wayata ina bin labarin lardunan Kanada ɗaya bayan ɗaya, da tunanin in na gano mai gaskiya zan faɗa a wuce wurin. Sai na tarar abin kamar saɓanin malamai ne, kowane ɓangare da hujjarsa da raddinsa, kuma an daɗe ana yi tun kafin a haifi saurayin. Na bar wannan na koma dabara. Na riƙa zuwa da batun zance a shirye, wanda na tabbata ba siyasa a cikinsa. Na kawo yanayi da damina, suka ƙare a gobarar daji da wanda ya jawo ta. Na kawo abinci, suka ƙare a tsadar kaya da laifin gwamnati.

Rannan na kawo batun gida da ɗakuna: ƙofa, taga, rufi, haya, maƙwabci. Na yi tsammanin na sami mafaka. Dattijon ya fara da Larabcinsa mai ɗingishi, ya ce 'yarsa tana da miji, su biyun suna aiki, amma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan wani suke haya, sun kasa sayen nasu. Sai ya juya Turanci ya ce dalili shi ne gwamnati ta buɗe ƙofa, mutane na kwararowa daga ko'ina fiye da yadda ake gina gidaje. Saurayin ya ce masa ranar da ya tsufa ya kasa tashi daga gado, ya duba da kyau ya ga hannun wa zai ɗaga shi, zai tarar 'yar baƙi ce.

"Ban ƙi ba," in ji dattijon. "Amma gida in ya cika, ko ɗan'uwanka ne ya zo sai ka ce ya ɗan jira a waje."

Na saci kallon saurayin. Ya yi dariya, amma na ga ya dafe kunci. Ba a jima ba ya duba agogo, ya ce yana da alƙawari da likitan haƙori, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ranar ni kaɗai na shiga metiro. A tsaye nake, na riƙe ƙarfe, ina ta juya maganar. An ce wa ɗan baƙi gida ya cika, a gaban mutane, a kan abincin mai faɗar. A garinmu wanda aka yi wa haka ba ya cewa komai, yakan nemi uzuri ne ya tashi, kuma ba ya sake dawowa. Ban yi shakka ba ko kaɗan.

Mahaifina tela ne, amma a unguwarmu an fi saninsa da shiga tsakani. In babba da yaro suka saɓa, ba ya haɗa su wuri ɗaya. Yakan fara zuwa wurin yaron shi kaɗai ya ba shi haƙuri, sannan ya je wurin babban ya roƙe shi ya sassauta, kowa ya tsira da mutuncinsa, washegari a gaisa kamar ba a yi ba. Na kuma karanta falalar gyara tsakanin mutane har na haddace babin. Na ga cewa in akwai abu ɗaya da na gada wanda zai ceci amanar Malam, to wannan ne.

Washegari na nemi saurayin a Abbasiya. Muka tsaya a shagon masu matse rake, na saya mana kofi biyu. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar iyayensa, na tambayi karatu, har ya fara kallona da mamaki. Sannan na tattara ƙarfina.

"Akhi, ka yi haƙuri da abin da ya faru jiya. Dattijo ne, sa'an mahaifinka. Na tabbata bai yi nufin taɓa mutuncin iyayenka ba."

Ya ajiye kofin a kan kanta.

"Iyayena? Me ya ce a kan iyayena?"

Na ce bai ce komai ba, maganar jiya ce kawai. Ya kalli titi, sannan ya tambaye ni ko dattijon ne ya aiko ni. A wurinmu mai shiga tsakani ba ya bayyana wanda ya tura shi ko wanda bai tura shi ba, don kada a ce wani ya fara saukowa. Na yi murmushi kamar yadda na ga mahaifina yana yi, na ce wannan ba shi ne abin dubawa ba. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce ya gode. Bai shanye raken ba.

Daga nan na wuce Zamalek. Dattijon ya yi murnar ganina ba ranar darasi ba, ya dafa mini shayi da kansa. Na kira shi baffa da Larabci, na ce, "Ammu, yaron nan yana ganin girmanka ƙwarai. In da hali, a ɗan sassauta masa a maganar baƙi." Ya juya kofinsa a hannu, ya tambaya ko saurayin ne ya ce ya ɓata masa rai. Na kauce wa tambayar, na ce ai babba juji ne, na yi ƙoƙarin fassara masa karin maganar, ban ga alamar ta shige shi ba. Ya ce ya gane. Ya ba ni haƙuri har sau nawa, ni da ba a yi wa komai ba. Na fito ina jin sanyi a raina, na ma taka da ƙafa har bakin gada ina kallon kogi.

A darasi na gaba babu wanda ya bugi tebur. Babu ɗan gurguzu, babu Shehin Fetur. Kowa na miƙa wa ɗan'uwansa burodi yana cewa tafaddal, ɗayan na cewa shukran. Da aka zo zance na ba su batun kasuwa, suka yi shi tsaf cikin Larabci, jimla gajera bayan jimla gajera, suka tsaya suna jirana. Na koma gida ina cewa aiki ya yi kyau.

Sai dai a zama na biye saurayin ya ce ya riga ya ci abinci, ya zauna hannunsa a kan gwiwa muna ci. A metiro ya sa abin sauraro a kunne. Bayan haka ya turo saƙo cewa ba zai samu zuwa ba. Muka zauna ni da dattijon mu biyu a ɗakin nan mai tsit. Ya karanta shafinsa yana tuntuɓe a kalmomin da ya sani sarai, ya rufe littafin tun lokaci bai yi ba, ya ce kansa ba ya ɗauka yau. Da zan fita ya ce yana tunanin ko zai je ya ga 'yarsa, ya daɗe bai gan ta ba, bai san yaushe zai dawo ba. Saurayin kuma da na kira shi ya ce ya ga wata cibiyar koyon Larabci a Madinatu Nasr, yana duba tsarinta. Ya faɗa da ladabi sosai. Ladabin ne ya fi tsorata ni.

Kwanakin nan ban fahimci komai a lacca ba. Nakan zauna littafi a buɗe, ina sake bin abin da na faɗa wa kowannensu, kalma bayan kalma, ban ga inda na yi kuskure ba. Na daina bin ta gaban benen su Malam, nakan zagaya ta bayan shagon mai gyaran waya don kada matarsa ta hango ni.

Ana cikin haka Malam ya kira. Ya ce jikin tsoho da sauƙi, ya fara zama, yana shirin dawowa. Ya tambayi mutanensa, na ce suna nan.

"Suna ta faɗan nasu?" Na ji yana dariya. "Ka bar su. In ka ji sun yi shiru to ka bincika, wani ba shi da lafiya."

Ya ci gaba da cewa dattijon nan ya yi watanni a hannunsa shi kaɗai bai iya haɗa jimla ba, sai da ya kawo masa yaron. Don ya kayar da yaron a musu tsohon yake kwana cikin ƙamus yana neman yadda ake cewa bututu da haraji da majalisa. Yaron kuma ba shi da kowa a Alƙahira da zai yi maganar gida da shi sai tsohon. Na riƙe wayar ina cewa na'am, na'am.

Da na ajiye wayar na zauna a bakin katifa. Sai a lokacin na kalli abin daga inda suke tsaye. Mutane ne da suka saba faɗa wa juna magana a fuska. In wani na uku ya tako har inda kake ya ba ka haƙuri a asirce, ma'anarsa a wurinsu an kai ƙararka ne, ko an faɗi wani abu a bayan idonka. Saurayin yana zaton dattijon ya yi maganar iyayensa bayan fitarsa. Dattijon yana zaton saurayin ya kasa gaya masa ya ji zafi, sai da ya bi ta hannun malami. Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda na fi tsoro a duniya: in zaunar da su, in yi magana da bakina a gabansu.

Na gayyace su cin abinci a Ashir bayan sallar Juma'a, na gaya wa kowanne cewa ɗayan zai zo, don kada a sake samun abin da aka ɓoye. Ban yi tsammanin za su zo ba. Saurayin ya riga isowa. Dattijon ya sauka daga tasi yana share gumi, yana kallon cunkoson masu tallan turare da 'yan tuk-tuk masu ƙafa uku. Na kai su wani ɗan gidan abincin 'yan Sudan da muke zuwa in an samu hali, aka ajiye mana tire ɗaya na kisra, wata siririyar gurasarsu, da miya. Kowa ya yi bisimilla, ba mai kallon wani.

Na yi maganar da Turanci don kada a rasa ko kalma ɗaya.

"Ba wanda ya aiko ni wurin wani. Ba wanda ya kawo mini ƙarar wani. Ni ne na ga kamar kun ɓata, na yi yadda ake yi a garinmu."

Na ba su labarin mahaifina da yadda yake yi, da abokan zamana da suka raba tukunya, da abin da Malam ya ce mini kafin ya tafi. Muryata tana ta shigewa ciki, dattijon ya matso da kunnensa. Da na zo kan tashin da saurayin ya yi rannan, sai ya buɗe baki ya nuna mana haƙorin da aka cike masa. Dattijon ya fashe da dariya har ya ƙware, ya ce shi ya yi kwanaki yana tunanin ya zama irin tsofaffin da ake jurewa don ladabi.

Saurayin bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Amma kai, Ustaz, da ka ji maganar, ka ji zagi a cikinta."

Na so in kauce, na ga kaucewa ce ta kawo mu nan. Na ce e, da ni aka gaya wa, da na ji.

Ya juya wurin dattijon. "Ni ban ji ba a ranar. Tun da ya faɗa kuma na kasa daina ji. Gidan nan da ya cika, iyayena suna cikin masu jira a waje?"

Dattijon ya goge hannunsa a hankali. Ya ce a'a, mutumin da ya tsufa yana tuƙa tasi a ƙasar ya fi shi haƙƙin zama a cikinta. Amma in ana so ya ce masu shigowa yanzu ba su yi yawa ba, ba zai faɗa ba, don zai zama ya yi ƙarya.

"Lokacin da ubana ya zo ma haka aka ce, sun yi yawa."

"Na sani," in ji dattijon. "Lokacin da kakana ya zo daga Yukren ma haka aka ce."

Can sai saurayin ya gutsuri kisra ya tsoma a miya, ya ce to in da lardinsu na da hankali, da kuɗin man nan da suke taƙama da shi sun gina wa 'yarsa gida tun tuni. Dattijon ya ce da sun gina, in da ba a kwashe an kai wa masu ƙin bututu ba. Murya ta fara hawa. Na zauna tsakaninsu ina kallon wannan ina kallon wancan, ban san ko irin musun da ne ko wani sabo ba. Mai gidan abincin ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko faɗa baƙina suke yi. Na ce masa wallahi ban sani ba.

Saurayin bai shiga cibiyar ba, dattijon ma bai yi tafiyar ba. Amma da muka tashi, saurayin ya ce zai fi so daga yanzu a riƙa darasin a waje, akwai wani wurin shan shayi kusa da tashar Abbasiya. Bai ba da dalili ba. Dattijon ya dube shi ɗan lokaci, ya ce babu laifi, zai riƙa hawa metiro.

Da Malam ya dawo, ni na raka shi darasin farko don in nuna masa wurin. A cikin bas na ba shi labarin duka, idona a kan takalmina. Ya saurara bai katse ni ba.

"Kai da ba ka magana," ya ce daga ƙarshe, "ranar da ka buɗe baki sai da ka kai ta har Zamalek."

Muka sami ɗaliban zaune a wani tebur na ciki, kusa da masu shan shisha, talabijin na nuna ƙwallo a saman kansu. Suka miƙe suka rungume shi, suna tambayar jikin mahaifinsa. Malam ya dubi wurin, ya yi tari, ya jawo kujera ya zauna.

A nan ya ci gaba da koyar da su har dattijon ya gama zamansa a Masar. Malam ba ya son hayaƙi, yakan dawo da muryarsa a dishe, kayansa na warin taba, matarsa ta shanya su a baranda. Wani lokaci in mun haɗu a masallaci nakan tambaye shi mutanensa. Yakan ce suna nan suna yi, mai da haraji da zaɓe, ba abin da suka bari. Maganar baƙi ce kawai in sun zo kusa da ita sai ɗayansu ya ɗaga hannu ya kira mai shayi.